Kujerar Direba

Ina garejin makanike ina jiran a gyara mini birki, sai na ji wata dattijuwa da wani dillalin motoci suna ciniki a kan wata mota da tayoyinta duk sun sace.

"Mama, injin nan ya buga. Gaskiya ƙarfe kawai zan saya."

"Ƙarfe? Ɗana ne ya kawo ta da kansa, ya ce ranar Alhamis zai dawo ya ɗauka."

"To, ya zo mu yi magana mana. Ciniki da mai mota ya fi sauƙi."

"Ranar Laraba aka binne shi. Wata bakwai ke nan. Ba don makanike ya ce ta tare masa wuri ba, da ba ka gan ni ba."

"Allah ya jiƙansa. Bari in taka kuloci in ji."

Dillalin ya shiga, ƙafarsa ba ta kai ba, sai ya matso da kujerar direban gaba.

"Kai! Wa ya ce ka taɓa? Dogo ne shi, a nan ya bar ta! Duk zuwan da nake yi, kujerar nan nake zuwa gani."

"Yi haƙuri, Mama, wallahi ban sani ba. Bari in mayar. Nan ne?"

"Ƙara baya."

"Nan?"

"Ya yi yawa. Dawo da ita kaɗan." Ta daɗe tana kallo. "Ban sani ba. Na kasa ganewa."

"Mama..."

"Bar ta haka. Nawa ka ce?"