Farin Fili a Taswira ta Takwas: Tunawa da Malam Ozell Pettiford

Mai girma Fasto Hosea Gaither, makiyayin wannan majami'a ta Dutsen Zaitun. Mai girma magajiyar garinmu, Madam Earline Tubbs. Dattawan ikilisiya da iyayenmu mata masu fararen huluna. Tsofaffin malamai da tsofaffin ɗalibai. Sannan waɗanda rashin ya fi taɓawa, Mama Verlene matar marigayi, da 'ya'ya da jikoki, da Inna Idella yayarsa, wadda ta taso takanas daga Chicago: ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, gaisuwar ƙarami ga manya.

Ku gafarce ni. Ni Cornelius Batts mai raba wasiƙu ne, iyakacina bakin ƙofa, yau ga ni na kutso har tsakiyar makokinku. Na kuma san laifina biyu ne, domin na tsaya tsakaninku da soyayyar tarwaɗar da ƙamshinta ke tasowa daga ɗakin girki. Zan taƙaita, gwargwadon yadda mai son waƙe yake iya taƙaitawa.

Mai alli ya ajiye allinsa,
Mai awo ya naɗe zarensa,
Ƙasar da ya zana da hannunsa,
Yau ita ke riƙe da barcinsa.

Ya kasance malaminmu na labarin ƙasa shekara talatin da huɗu. Babu wani a cikinmu da bai sha ranƙwashi ba saboda ya ajiye Kogin Mississippi inda Allah bai ajiye shi ba. Ya kasance mai raha, mai gardama, mai fensir a bayan kunne har a ranar bikin 'yarsa. Da ya ajiye koyarwa, muka ɗauka zai koma kamun kifi kamar sauran tsofaffi. Ashe ƙidaya zai kama. Ya tattaro ƙidayar jama'a guda takwas, daga ta 1790 zuwa ta 1860, ya zana wa kowacce taswirarta, gunduma bayan gunduma. Inda bayi suka yi yawa ya duhunta fensir, inda suka yi kaɗan ya sassauta hannu. In ka jera su takwas ɗin, sai ka ga duhun ya taso daga gaɓar Virginia da Carolina, yana bin auduga, ya ratsa Georgia da Alabama, har ya zo ya kwanta a bakin kogin nan namu. Ni ne shaida, domin ni nake kai masa kwalayen takardu, har kafaɗata ta dama ta karkace.

Ya kasance mijin da ya ƙwace teburin cin abinci shekara goma sha ɗaya. Wata ranar bikin godiya ina tsaye da saƙo, na ji Mama Verlene daga ciki: "Ozell! Ka kwashe mini Carolinarka daga teburina, talotalo ya nuna!"

Ya ce, "Haba 'yar albarka, ɗora shi a kan teku mana, ai babu kowa a can."

Ta ɗauko faranti za ta ajiye, sai ya tare da hannu. Ya ce, "A'a, tsaya. Can ma akwai mutanenmu, waɗanda jiragen bayi suka zubar a hanya."

A kan cinya suka ci talotalon ranar, kuma a kan cinya suka ci gaba da ci. Mama Verlene, mun san a taswirar nan akwai ladanki, akwai kuma ɗigon miyarki a kudancin Georgia.

Ya kasance mai amsa kuskurensa a inda ya yi shi. Dattawa za su tuna Lahadin da ya miƙe a nan cike da murna, ya ce ya duba ƙidayar 1830 bai ga bawa ko ɗaya a gundumarmu ba. Muka tashi da tafi, mai molo ya kama, har Dattijo Rufus ya jefar da sandarsa ya taka rawa. Lahadi na zagayowa, Malam ya sake miƙewa, hula a hannu.

"'Yan'uwa, ku maido tafinku. Na ɗora tsohuwar ƙidaya a kan taswirar yau. A 1830 babu bawa a gundumarmu domin babu gundumar ma. Ba a yanka ta ba tukuna."

Dattijo Rufus ya ce daga baya, "To Malam, wa zai maido mini ƙuguna?"

Daga ranar bai sake shafa fensir ba sai ya fara zana iyakokin wannan shekarar, yadda suke a wannan shekarar. Ya sake taswira uku daga farko, bai yi ƙorafi ba.

Yanzu ku dubi ta takwas, ta 1860, ga ta nan a bango. Duk kewayenmu baƙi ƙirin, amma gundumarmu fara tas. Ba mantuwa ba ce. Masu ƙidayar wancan zamani ba su rubuta sunan bawa ba. Sunan ubangidansa suka rubuta, a ƙasa kuma shekaru da jinsi da launin fata. Sai a 1870 aka rubuta kowannenmu da suna. Malam ya ce mini, "Cornelius, na shafa wa ƙasa duka baƙi domin ban san mutanenta ba. Amma gida? Gida ba zan shafa ba. Suna zan rubuta." Ya riƙa ɗaukar sunan da ke 1870, ya rage shekara goma, ya nemo mai shi a 1860. Ku matsa kusa bayan addu'a, za ku ga farin ba fari ba ne: sunaye ɗari shida da sha ɗaya ne, da rubutu ƙanana kamar tururuwa. Kakannina uku suna ciki.

A tsakiyarsu ya bar wuri ɗaya, faɗin yatsa. A gefe ya rubuta abin da mai ƙidaya ya rubuta: mace, shekara tara, baƙa. Kakar mahaifiyarsa ce. Ba ta kai ƙidayar 1870 da sunan da za a gane ta ba, kuma sunanta na gaskiya wuri ɗaya yake a duniya, a shafin farko na Littafi Mai Tsarki na gidansu, wanda ke hannun babbar 'ya.

Inna Idella, ki yafe mini, gare ki na juyo. Kowa a nan ya san kin hana shi sunan, kuma mun san ba rowa ba ce. Na ji da kunnena ranar da kika ce masa, "Kai ɗan fensir, ba zan ba ka kakar mahaifiyarmu ka jera ta ƙarƙashin mutumin da ya saye ta ba." Ya ce, "Yaya, ke dai taurin kanki ya fi na alfadarin Baba." Kika ce, "A wurinsa na koya." Shekara tara ke nan kuna wannan a waya kowace Lahadi. To yau ki taso ki duba da idonki. Ya ji maganarki. A duk faɗin farin filin nan babu sunan ubangida ko ɗaya. Namu ne kaɗai.

Ranar Lahadin dawowa gida, da 'yan majami'ar nan na nesa ke dawowa, sati uku daga yau, za a rufe taswirar da gilashi a rataye ta a ɗakin karatu na gari, kuma ba za a sake buɗewa ba. Abin da ba a rubuta kafin nan ba, ya zauna fari. Ga wannan ambulan, Mama Verlene ta tsince shi a aljihun kwat ɗinsa. Ya rubuta adireshin gidansa, ya liƙa kan sarki, ya saka farar takarda a ciki. Kalma ɗaya yake nema. Ina roƙonki ki amsa da gaggawa, a rubuce, da hannunki. Ni zan ɗauke ta, ba zan leƙa ba, zan kai ta har kan teburin nan da ba a cin abinci a kai.

Mun gode wa Fasto, mun gode wa masu girki da suka yi haƙuri da ni, mun gode wa iyalin da suka ara mana shi. Ya Ubangiji, kai da ba ka ƙidaya bayinka da shekaru da launi, kai da kake kiran kowa da sunansa, ka kira Ozell da nasa, ka zaunar da shi kusa da yarinyar nan 'yar shekara tara. Shi yanzu ya riga ya ji sunanta. Mu ne muka rage, Inna Idella. Amin.