Zomaye Arba'in, Nauyi Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, Alhaji Hammadu, masu girma dagatai da masu unguwanni, malamanmu fitilun al'umma, iyayenmu mata, 'yan'uwana masu kiwon zomo na Gwarzo da Kabo, da babbar baƙuwarmu wadda ba baƙuwa ba ce, Dakta Kamila 'yar Getso: ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Na gode da kuka baro gonakinku, na kuma gode wa wanda ya miƙo mini lasifika bai ce in taƙaita ba.

Jama'a, kun san Dakta tana binciken bugawar zuciya, cutar da ta kayar da mahaifinta a tsakiyar kunya, fartanya a hannu. Aikin shi ne a yi wa zomaye allurar barci, a ɗaure jijiya ɗaya ta zuciyar kowanne, a ba rabinsu magani a hana rabi, sannan a gwada ɓarnar. In zomayen ba iri ɗaya ba ne, ba wanda zai san ko magani ne ya yi aiki ko kitse. Sau uku ta roƙe mu zomaye arba'in, maza zalla, 'yan wata huɗu, kilo biyu da rabi. Sau uku muka rushe mata aiki, kuma da alheri muka rushe shi.

Na farko, kara. Malam Maikuɗi na Kabo ya ce ba zai aika wa 'yar amininsa ramammen zomo a riƙa yi da shi a gari ba. Ya turke nasa kamar ragon layya, dusa da safe, harawa da rana, har sai da aka ɓalle ƙofar keji kafin ya fito.

Na biyu, gyara. Inna Marka ta Madadi ta ce tunda take auna gero ba ta taɓa sallamar mutum ba gyara ba, sai ta ɗora mace ɗaya a kai. Kafin mota ta shiga Kano, arba'in da ɗaya sun zama arba'in da bakwai.

Na ukun kuwa, ga shi tsaye a gabanku. Dakta ta ɗora nawa a sikeli sau biyu, ta dube ni cikin ladabi ta ce, "Baba, wannan zomo ne ko ɗan akuya?" Ranar na koma gida na rubuta:

Zomona na ci da ƙuli da dusa,
Ya kai kilo biyar ba wasa,
Na zaci yabo zan kwasa,
Ashe aikin 'yata na rusa.

To, shugabanninta sun ba ta dama ta ƙarshe, bayan kaka. In muka sake, a rufe binciken. Saboda haka daga yau iri ɗaya, abinci ɗaya, gwangwanin awo ɗaya. Sikeli kuma mun damƙa shi ga Hajiya Badi'a, wadda duk Sabon Birni ta shaida ba ta taɓa yi wa ɗan Adam gyara ba. Hajiya, shekara talatin muna gulmarki, yau mun zo neman albarkar hannunki.

Allah Ya jiƙan mahaifin Dakta. Allah Ya sa kada wani manomi ya ƙara faɗuwa a kunyarsa. Allah Ya mayar da kowa gida lafiya. Mu kuma, ya Ubangiji, Ka koya mana rowa ta wata huɗu.

Na gode.