Man da Ba Ka Jin Zafin Zubarwa

A rumfar mai baƙin mai ta tashar Ƙanƙara, Jabiru ya rungume galan mai tsada, sai ya ga wani dattijon direba ya ɗauki mai araha.

"Baba, wanga man ai kashe inji yake."

"Haka aka ce? Yaushe rabonka da juyen mai, ɗana?"

"Tun babbar salla. Mai tsada ne, lallaɓa shi ake."

"Wata takwas ke nan. Ciro geji mu gani."

Jabiru ya zaro gejin motarsa. Dattijon ya murza man a yatsunsa.

"Ka ji yashi? Ƙurar hanya ba ta san farashi ba. Ina za ka da ita?"

"Katsina, gobe. Mahaifiyata zan kai asibiti."

"Da wanga kunun? Allah Ya ba ta lafiya."

"Amin. To ku fa, Baba?"

"Waccan farar tawa ce. Shekara sha tara tana jigilar Mairuwa da Faskari, ba bakaniken da ya taɓa ganin cikin injinta. Duk wata nake juye, ko man bai yi baƙi ba."

Jabiru ya dubi tsohuwar motar tana kiɗa a hankali, babu hayaƙi.

"Ke nan naku ya fi nawa?"

"A'a, naka ya fi, nesa ba kusa ba. Amma kai tausayinsa kake ji, ni motata nake tausayi. Sayi wanda ba za ka ji zafin zubarwa ba."