Buhun Ƙaiƙayin Baba Sale

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Lawal, tsohon ɗan dako a kasuwar Daura.

Lokacin da na fara dako, shugabanmu Baba Sale, Allah ya jiƙansa, ba ya barin sabon shiga ya taɓa buhun hatsi. Mako guda cur buhun ƙaiƙayi zai ba ka, ka yi ta ɗauka kana saukewa, 'yan kasuwa na yi maka dariya. Yana tsaye da sandarsa yana cewa, "Tsuguna! Jawo shi jikinka! Da ƙafa ake tashi, ba da baya ba." In kaya ya yi nauyi, sai mutum biyu sun aza maka. Shi kam har ya tsufa a miƙe yake tafiya.

Bayan rasuwarsa muka watsar da koyarwarsa. Wata rana muna lodin motar Mai'adua, abokin aikina ya ce, "Lawal, tsaya in kama maka." Na ce ya bari, na sunkuya na fizgi buhun gero ni kaɗai. Nan take na ji bayana ya ce ƙas.

Yanzu in na ga matasa suna sunkuyawa haka, sai in tuna da Baba Sale. Malam, a ba mu shawara, yaya za a dawo da koyarwar nan?

Ina gaida 'yan dakon Daura duka. Don Allah ku tsuguna. Ni shekara shida ke nan a kan kujera nake salla, goshina bai taɓa ƙasa ba.