Tulun Bayan Gadon Kaka

A tashar motar Anping ta tsibirin Taiwan, daf da teku, wata tsohuwa ta zauna kusa da wani mutum da ke rungume da ƙunshin tsumma.

"Ɗana, jariri ne ka ƙanƙame haka?"

"Tulu ne, Iya, teku zan jefa shi. Kakata ce ta rasu, muka tarar da shi bayan gadonta cike da ruwa. Matata ta ce asiri ne, ba za ta kwana gida ɗaya da shi ba."

"Buɗe in gani. Ga jan zaren a wuyansa kuwa! Tana canza ruwan ranar ɗaya da sha biyar ga wata?"

"Yaya aka yi kika sani?"

"Asirin me! Kakarka 'yar ƙabilar Siraya ce. Tun kafin Turawan Holan su gina waccan ganuwar su fara sayen fatar barewa, mutanenta na zaune a gaɓar nan. Ta tulu suke gaida kakanninsu."

"Amma ta ce daga China aka zo da mu."

"Kowa haka ya ce. Wa ke so a kira ɗansa ɗan daji a makaranta?"

Mutumin ya sauke ajiyar zuciya. "Kai! Ashe baiwar Allah ba ta cuci kowa ba. Har kunyar kabarinta nake ji."

"Mai da shi gida, ka zuba masa giyar shinkafa."

"Iya, ku ma kuna da irinsa ke nan?"

Ta juya ta kalli teku.

"A da muna da shi. Ni ranar da na zo jefa namu, ba wanda ya zauna kusa da ni."