Allon da Baba Ya Rubuta Saboda Awaki

Mai girma shugabar ƙaramar hukumarmu; limamin cocin ƙauyenmu, wanda na tabbata yau ce ranarsa ta farko a cikin wannan gini; shehin malami Lindqvist, marubucin littafin tarihin da aka raba mana a ƙofa; manajan gida, Senyor Arregui; masu juya faifan kiɗa da suka sauka daga jirgi ɗazu da baƙin tabarau; 'yan jarida; maƙwabtana da muka shekara hamsin muna barci da auduga a kunne; jama'a maza da mata, barkanku da yamma.

Sunana Eulària Planells. A takardar shirin taro an rubuta ni da “'yar asalin wurin”, an ba ni minti biyar tsakanin jawabin manaja da buɗe allon tagulla. Ina godiya da minti biyar ɗin, ina godiya da ruwan kwalba, ina kuma godiya da aka kunna fitilun gaskiya yau, domin rabona da in ga bangon gidanmu da kyau tun ina da baƙin gashi. A can inda ake sayar da giya aka haife ni. Inda aka yi banɗakin mata kuwa, nan murhun burodin Inna yake. Saboda haka idan na zarce minti biyar a yi mini haƙuri, a gida nake.

An tara mu ne don bikin cikar gidan rawa na Tanca shekara hamsin, gidan da aka ce babu irinsa a tsibirin Ibiza, babu irinsa a duniya. Ban musa ba. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, don haka zan ɗan taya shehin malami gyara a wurare biyu, na uku kuwa roƙo ne.

Na farko, suna. A shafi na goma sha biyu malam ya rubuta cewa Tanca sunan wata tsohuwar allahiyar rawa ce da mutanen da suke bauta wa a tsibirin nan. Ya ce ya shekara huɗu yana bincike, ya je ɗakunan littattafai a ƙasashe uku. Malam, da ka tsallaka titi ka buga mini ƙofa, da na rage maka wahala, har da kofi.

Ga yadda aka yi. A lokacin nan wurin gonar mahaifina ce, Marià Planells, mai awaki arba'in da rijiya guda. Sai wasu samari masu dogon gashi suka fara zuwa daga arewa, ba takalmi, ba sana'a, kullum suna murmushi. Babbansu wani Bajamushe ne mai suna Dietmar. Sukan shigo ɗiban ruwa, Baba bai taɓa hana su ba, amma ba sa rufe ƙyauren gona. Sau uku awaki suna fita suna cinye kabejin maƙwabta. A na huɗu Baba, wanda rubutunsa bai wuce sa hannu ba, ya samo katako da ragowar fentin jirgin ruwa, ya zana kalma ɗaya ya kafa a ƙofa. Ga baƙinmu da ba sa jin harshen tsibirin nan, tanca na nufin rufe.

Washegari Dietmar ya shigo, ya bar ƙyaure a hangame yadda ya saba, ya tambayi Baba da hannu da ka ko mene ne sunan wannan wuri mai albarka. Baba ya kamo shi ta wuyan riga, ya kai shi gaban katakon, ya nuna da yatsa ya daka masa tsawa: “Tanca!” Dietmar ya ɗora hannu a ƙirji, ya rusuna, idonsa ya ciko da ƙwalla. Baba ya juyo wurin Inna ya ce, “Kin ga wannan, ko dai waliyyi ne ko kuma akuyar nan ta fi shi hankali.” Inna ta ce ita dai ta san wanda za ta zaɓa.

Wannan ita ce allahiyarku, jama'a. Shekara hamsin ana buga ta a riga da hula da jaka, attajiran duniya suna yawo da “rufe” a ƙirjinsu, wasu ma sun sa an zana musu a fata. Babu yaron da bai san ma'anarta ba a tsibirin nan, amma ba a tambaye mu ba, mu ma ba mu faɗa ba, domin 'ya'yanmu a nan suke wanke kofuna.

Na biyu, rawa. Littafi ya ce Dietmar ne ya kawo wa tsibirin nan rawa. To, kafin ya zo me muke yi da ƙafafunmu? Tun kakannin kakanninmu, kowace Lahadin farko ta watan Agusta, da la'asar, ƙauyen nan kan taru a bakin rijiyar Baba. Mata su saka sarƙoƙinsu na gado suna zagayawa a hankali, ido a ƙasa, maza suna tsalle kewaye da su kamar zakaru, a ci burodi da man zaitun, a gode wa Allah da ruwa bai ƙafe ba. Mai kiɗan kuwa yayana ne, Bartomeu, sarewa a hannun hagu, ganga a hannun dama, mutum ɗaya yana aikin da yanzu ake ɗauko wa mutum a jirgin sama. A irin wannan taro Dietmar ya tsaya baki buɗe, da aka tashi ya roƙi Baba ya ba shi hayar makwancin awaki ya riƙa saka faifai.

Baba ya yarda da sharuɗɗa biyu, ba takarda, musafaha kawai: a riƙa rufe ƙyaure, kuma Lahadin farko ta Agusta rijiya ta ƙauye ce. Zan faɗi gaskiya a kan mamaci. Sharaɗin farko Dietmar bai taɓa cika shi ba, amma na biyu bai taɓa saɓa shi ba. Duk shekara ranar nan yakan kashe lasifika da hannunsa, ya share bakin rijiya, ya zauna a ƙasa yana tafi ba a kan kiɗa ba.

An ce baƙo raɓa ne. Tamu raɓar ba ta bushe ba, sai ma ta zama ambaliya. Makwancin awaki ya zama filin rawa, fili ya samu katanga, da hukuma ta gaji da ƙorafinmu ta ce a yi rufi, aka rufe taurari aka zana wasu da lantarki. Itacen ɓauren da ke tsakar gida aka sare shi aka dasa na roba, wai na gaske yana zubar da ganye a kan manyan baƙi. Dietmar ya rasu, 'ya'yansa suka sayar wa kamfani, kamfani ya sayar wa wani kamfani, har muka daina sanin wanda za mu gaisar. Rijiya kuwa aka shimfiɗa mata gilashi aka saka shuɗiyar fitila a ciki. Ga ta can ƙarƙashin teburin da shehin malami ya ɗora gwiwar hannunsa. Shekara goma sha tara ke nan ba a yi rawar rijiya ba, domin Agusta watan kasuwa ne. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Kada a ce tsohuwa ta zo da baƙin ciki. Gidan nan ya ciyar da mu. Jikata a nan take aiki, titin ƙauye saboda shi aka shimfiɗa masa kwalta, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ina kewar tatsar awaki ba. Ba na ƙin kiɗanku, duk da dai har yau ina jiran ranar da zai fara.

Na uku, kuma shi ya kawo ni. Na ji cewa idan sanyi ya shigo za a cike rijiyar da kankare a faɗaɗa wurin zaman manya. Na je wurin Senyor Arregui sau biyu na roƙi la'asar guda ta Agustan nan. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce babu komai a rubuce, ya kuma ba ni kyautar riga mai sunan gida.

Yaya Bartomeu shekararsa tamanin da huɗu. Likita ya gaya mana huhunsa ba zai kai wata bazarar da numfashin busa sarewa ba. Kullum da safe yana goge ta da mai, yana gwada numfashinsa a ɗaki don kada in ji inda yake yankewa. Ina ji. Jiya ya ce da ni, “Eulària, ba rawar nake so ba. So nake in ji ko har yanzu rijiyar tana amsa mini.” Wallahi kuka na yi, kuma ba na jin kunyar faɗi a gabanku.

Wataƙila kuna tambaya ina yake. Yana ƙofa. Tare muka zo, amma masu gadi suka duba takarda suka ce sunansa ba ya ciki, kuma takalminsa na saƙar igiya bai dace da dokar shiga ba. Mutumin da ya yi kiɗan farko a wannan wuri yana zaune a kan dutse a rana, da sarewarsa a cinya, a ƙarƙashin kalmar da ubansa ya rubuta, wadda yanzu aka yi ta da fitila mai tsayin mutum uku. A shekara hamsin, yau ne kaɗai na ga an yi biyayya ga allon Baba.

Saboda haka ina kira gare ki, mai girma shugaba, kada ki sa hannu a takardar izinin zuba kankaren nan. Ina kira gare ka, Senyor Arregui, a gaban 'yan jaridan da kai ka gayyato: sunan gidanku umarni ne. Kun ci arzikinsa shekara hamsin, ku bi shi la'asar guda. Ku rufe. Ku ɗaga gilashin, ku kashe lasifika, sauran kwanakin shekara naku ne.

Allah ya albarkaci wannan taro, ya jiƙan Baba da Dietmar, ya ba maƙwabtana barci, ya ba shehin malami lafiyar sake buga littafi, ya mayar da kowa gida lafiya. Ni ba zan koma kujerata ba. Zan je ƙofa in kamo hannun yayana in kawo shi bakin rijiyar ubanmu, mai son ya hana ya hana a gaban kyamara. Wanda ya ga dama ya biyo ni, na ƙarshe kuma don Allah ya karanta allo ya rufe ƙyaure.

Na gode.