Takardar da ke Kan Laimar Qiu Meifen

A lambun nan na Shanghai inda iyaye ke baza laima ran Asabar su liƙa takardun nema wa 'ya'yansu aure, wani dattijo ya duƙa gaban laimar Qiu Meifen, ya gyara tabarau.

"Yaya, kin yi kuskure. Kin sa wa 'yarki shekara sittin da takwas."

"Ba ni da 'ya. Takardar tawa ce."

"Tabɗi! To me kike nema? Gida ko fansho?"

"Ai ka iya karatu."

Ya karanta a fili. "Ɗan garin Suzhou, mai gyaran keke, da tabon ƙuna a hannun hagu, matarsa ta rasu. Yaya, wannan ai mutum ɗaya ne a duniya!"

"Na ce maka biyu nake so?"

"Kin san inda yake?"

"Ga shi can gindin bishiya yana tallan jikarsa. Kar ka juya!"

"To ki je mana, taku ashirin ne."

Qiu ta ɗaga kai. "Ni? Shekara arba'in da biyar ke nan da ya kawo mini keken da ya haɗa da hannunsa, na ce ba na auren mai baƙin mai a farce. In yana so, ya sake tambaya."

"In bai gani ba fa? Tsufa ya cinye mana ido."

"Ba ka ga rubutun kamar na allon kanti ba? Sau uku ina sakewa, ina ƙara masa girma."

Dattijon ya matsa gefe, don kada ya tare laimar.